Laifin Daɗi Ƙarewa

Akwai kalmar da ba ta rabuwa da bakin mai karatun ƙagaggun labaran Hausa idan ya tashi yabon littafin da yake so, ita ce "sai dai". Zai ce Ruwan Bagaja ba shi da na biyu wajen raha da sarrafa harshe, sai dai. Zai ce Ganɗoki ya motsa masa jini, sai dai. Daga nan sai ya sassauta murya, ya ambaci aibi guda a gurguje kamar mai tsoron kada marubucin ya jiyo shi, ya rufe da cewa ai ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Na bi sawun wannan "sai dai" a cikin littattafan da aka karantar da mu daga sakandare zuwa jami'a, da waɗanda muka riƙa aron juna ba da sanin malamai ba, na tarar aibin da ake yafewa kusan iri ɗaya ne, mazauninsa kuma ɗaya, wato shafukan ƙarshe. Marubuci zai ɗauko labari ya rene shi har ya yi ƙarfi, idan lokacin rufewa ya zo sai ya ƙwace shi daga hannun taurarinsa ya miƙa wa aljani, ko guguwa, ko gobara, ko wa'azi. Ra'ayina shi ne wannan aibi ba ƙarami ba ne, kuma afuwar da muke yi masa ce ta raya shi shekara casa'in.

Bari in fara da tushe. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Imam yana ɗan shekara 22 ya rubuta nasa. Duk wanda ya taɓa gwada ƙirƙirar labari ya san girman abin da ya yi a waɗannan shekaru, kuma ba na jin akwai Bahaushen da zai karanta artabun Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman bai dara ba. Amma me ya fitar da Alhaji Imam daga gida? Neman ruwan Bagaja ne, don a warkar da ɗan sarki, a kuma wanke Liman daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. Wannan ne alkawarin da littafin ya yi wa mai karatu. Sai ga shi mafi yawan shafuka sun tafi a ramuwar gayya tsakanin maƙetata biyu, ruwan kuwa an ajiye shi gefe, sai can kusa da ƙarshe aljannu suka shigo suka sauƙaƙa abin da shekaru suka gagara. Wayon da Alhaji Imam ya yi ta gwada mana a gari bayan gari ba shi ne ya kai shi ga ruwan ba. Ya dawo gida da dukiya da daraja, halinsa kuwa yana nan yadda ya fita da shi, babu abin da tafiyar ta caje shi.

Na Ganɗoki ya fi wannan ciwo, musamman ga wanda ya tashi a Haɗeja. Rabin farko na littafin ya tsaya a kan tarihi na haƙiƙa: zuwan Turawa, faɗuwar garuruwa ɗaya bayan ɗaya, hijirar Sarkin Musulmi Attahiru da gumurzun Burmi a 1903. Bello Kagara ya ba mu jarumin da ya ƙi miƙa wuya, ya kuma ba shi harshe mai amon tambari. To, ina ya kai shi? Da aka ci su da yaƙi sai ya ɗauke shi daga ƙasar Hausa ya jefa shi gabas mai nisa, inda zai yi ta saran aljannu da dodanni, abokan gābar da kashe su ba zai ɓata wa kowane Razdan rai ba. Da ya dawo da shi gida kuma sai muryar littafin ta koma ta yabon zaman lafiya da sababbin abubuwan da masu mulki suka kawo. A garinmu, a watan Afrilu na 1906, Sarki Muhammadu ya zaɓi ya mutu da makami a hannu, shi da jama'a da yawa daga cikin mayaƙansa, shi ya sa har yau ba a kiran sunansa sai an haɗa da Mai Shahada. Tsakanin wannan rana da fitowar Ganɗoki a 1934 shekara 28 ce kacal. Waɗanda suka tsira daga wannan yaƙi suna raye, matan da aka mayar zawarawa suna raye. Tambayar da ke cin zukatansu ita ce yadda mutum zai ci gaba da rayuwa a ƙarƙashin wanda ya kashe sarkinsa, ya biya shi haraji, ya kai ɗansa makarantarsa. Littafin ya iso bakin wannan tambaya, ya leƙa, ya juya. Wanda ya ce wannan aibi ɗaya ne tak ya faɗi gaskiya ta fuskar lissafi, amma ɗayan nan shi ne zuciyar labarin.

Haka abin yake a Shaihu Umar, littafin da ya fi sauran natsuwa da tausasa zuciya. An sace Umar yana yaro, ya faɗa hannun masu kamen bayi, Balaraben fatake Abdulkarim ya karɓe shi a Kano ya tafi da shi Masar, ya riƙe shi kamar ɗa har ya zama malami. Mahaifiyarsa kuwa ta fita nemansa, aka yaudare ta, ita ma ta ratsa Sahara cikin bauta. Duk wanda ya karanta wahalar wannan mata ya san Tafawa Ɓalewa ya ɗaura wani ƙulli mai wuyar kwancewa: mutumin da ya yi wa Umar gata yana cin abinci ne daga sana'ar da ta lalata rayuwar uwar Umar. Ranar da uwa da ɗa suka haɗu, ranar ce ya kamata Umar ya dubi ubangidansa da sabon ido. Sai marubucin ya ɗauke uwar jim kaɗan bayan haɗuwar, sa'an nan ya aiko da guguwar hamada ta binne ayarin da Abdulkarim a ciki, Umar ya tsira ya ƙarasa Rauta yana karantar da almajirai. Shaidu biyu da za su iya tayar da shari'ar duk an kawar da su kafin a zauna. Malamin da ke ba ɗalibansa tarihin rayuwarsa bai taɓa fuskantar tambayar da ɗalibi mai kaifin hankali zai yi masa ba.

Mu da muke bakin kogi mun san aikin mai fito. Ba a yaba masa don ya iya tuƙi a tsakiyar ruwa idan ya saba juye mutane saura taku goma a kai gaci. Fasinja ya biya ne don a tsallakar da shi. Mai karatu ma da ya ba marubuci dare biyu ko uku na rayuwarsa, bashin da yake bi shi ne a kai shi inda labarin da kansa ya nufa.

Za a ce waɗannan na farko ne, a yi musu uzuri, gwiwar Bature na kan wuyansu, kuma littattafan don 'yan makaranta aka shirya su. Na yarda akwai gaskiya a nan, ita ce ma ke bayyana inda cutar ta samo asali: marubucin Hausa ya fara aikinsa ne da wani a tsaye a bayansa yana leƙen takardarsa. Amma uzurin yana da iyaka, domin hukumar nan ɗaya ita ta fitar da Jiki Magayi. A can, attajiri Malam Shehu ya yi amfani da dukiya ya raba Abubakar da Zainab, Abubakar ya sha alwashin ramuwa, ramuwar ta faɗa kan Kyauta, ɗan da aka yi auren dominsa, har ya zama ajalin mahaifinsa. Akwai sihiri a labarin, amma an shuka shi tun da wuri a gaban idon mai karatu, kuma kowace masifa ta fito ne daga abin da wani ya aikata da hannunsa. Ashe ko a wancan zamani ana iya rufe labari da abin da aka buɗe shi da shi. Idan kuma muka leƙa maƙwabta, Chinua Achebe ya fitar da Things Fall Apart a 1958, Turawa ba su tafi ba tukuna, a Landan ma aka buga shi, amma ya bar Okonkwo ya bi halinsa har zuwa igiyar da ya rataye kansa da ita.

Da ciwon na zamanin Turawa ne kaɗai, da ya bi su ya tafi. Bai tafi ba, mai leƙen takardar ne kawai ya sauya riga. A ƙarshen shekarun 1970 Abdulƙadir Ɗangambo ya fitar da Kitsen Rogo, a daidai lokacin da gwamnati ke kiran jama'a su koma gona, bayan shirin ciyar da ƙasa da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar a 1976. Littafin ya zana yadda birni ke haɗiye ɗan ƙauye da ƙwarewar da har yau ba ta tsufa ba: Ibrahim ya baro gida, ya faɗa cikin miyagun abokai, ya zama abin tsoro. Maganin da aka ba shi a ƙarshe shi ne tuba da komawa karkara. Ni kuwa daga karkarar nake, na san abin da ke jiran mai komawa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar shekara-shekara da fadamun Haɗeja zuwa Nguru suka dogara da ita ta sauya hali. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu wawushe shinkafa da gero. A shekarar da ruwan ya zo da yawa kuma, kamar 2020 da 2022, sai ya bi ta kan amfanin gona da gidaje a Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri. Saurayin da ya bar irin wannan wuri ya nufi Kano ba ruɗin fitilun birni kaɗai ya kore shi ba. Labarin da ya ƙare da cewa ya koma gida ya huta, a wurinmu ya tsaya ne daidai inda ya kamata ya soma.

Sai zamanin da marubuta suka daina jiran kamfani suka shiga buga littattafansu da kansu, abin da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. A nan nake ganin rashin adalcin manazarta ƙarara. Sun yi wa waɗannan littattafai tarke mai zafi saboda haɗarin mota da ke zuwa a kan kari, da mugun da ke haukacewa a babi na ƙarshe, da matalaucin saurayin da arziki ke faɗo wa daga sama. Sukar ta dace. Amma mene ne bambancin haɗarin motar da guguwar Shaihu Umar, ko arzikin dare ɗaya da aljannun Ruwan Bagaja? Abin da aka kira aibi a littafin 'yar Kano, shi aka kira hikima a littafin da ke cikin manhaja. Idan za a yi tarke a yi shi da mudu ɗaya.

Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, shi ne misalin da ya fi koya mini yadda muke kuskuren gane inda aibi yake. Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori Rabi da 'ya'yanta tara. Rabi ta kama sayar da abinci, ta riƙe gidanta, ta aurar da 'yarta Saudatu cikin mutunci. Masu karatu da yawa, musamman mata, suna cewa littafin ya yi daɗi sai dai an mayar da Rabi gidan mutumin da ya wulaƙanta ta. A ganina wannan komen shi ne wuri mafi gaskiya a littafin. Maza ne suka taru suka yanke hukunci a kan rayuwarta ba da son ranta ba, kuma duk wanda ya zauna a cikinmu ya ga an yi haka. Zafin da mai karatu ke ji a nan zafi ne da marubuciyar ta nufa. Raunin yana wani wuri dabam, wato gobarar da ta cinye shagon Alhaji Abdu. Sai da wuta ta tashi a kasuwa kafin ya gane kurensa. To, ina labarin dubban Alhaji Abdu da shagunansu ba su ƙone ba, suna nan suna ta ciniki, matan da suka kora suna ta fama? Gobarar ta sanyaya mana rai, ta kuma ɗauke wa al'umma nauyin hukunta azzalumi, tunda an nuna mata cewa wuta za ta yi mata aikin.

Na san hujjoji biyu da za a kawo mini, kuma ba na raina su. Ta farko ita ce mu Musulmi ne, mun yi imani da ƙaddara, gobara da guguwa kuwa suna faruwa. Haka ne. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa ƙaddara tana tafe da sababi, kuma ƙissar Annabi Yusuf, wadda aka kira mafi kyawun labari, ta isa misali: ƙarshenta yana cikin mafarkin da aka buɗe ta da shi, kowane mataki daga rijiya zuwa kurkuku zuwa mulki ya biyo ta hannun mutane da halayensu. Marubucin da ya rasa mafita ya kira gobara, lalacinsa ya rufe da rigar tauhidi. Hujja ta biyu ita ce adabinmu na gargajiya mai koyar da darasi ne, don haka dole labari ya ƙare da sakayya. Wanda ya faɗi haka ya manta da Gizo. Sau nawa ya yi ta'asa ya haye rufin ɗaki ya tsira? Kakanninmu ba su ji tsoron barin yaro ya kwana da tambaya ba. Da sun ce ƙurunƙus sun tashi, ba sa tsayawa fassara.

Gaskiyar magana, tsoro ne ke rubuta mana shafukan ƙarshe. Da tsoron Bature ne, daga baya ya zama na gwamnati mai saye wa makarantu littattafai, sa'an nan na masu cewa littattafan soyayya na ɓata tarbiyya. Wanda ya tuna yadda aka ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano a 2007 ba zai yi mamakin marubuciyar da ke cika babinta na ƙarshe da nasiha ba, domin nasihar nan garkuwa ce. Ina tausaya mata. Amma garkuwar ta zama al'ada har a inda babu mai harbi. Dubi labaran da ake rubutawa yau ana rabawa ta WhatsApp da Wattpad, inda babu hukuma babu ɗan kasuwa: babi tamanin na makircin kishiya, sa'an nan a babi biyu ta haukace ko ta shanye, kowa ya yafe wa kowa, marubuciya ta roƙi gafarar masu karatu. Matasan nan ba su ƙirƙiro wannan hanya ba. Gadonta suka yi daga littattafan da aka ce musu ba a taɓawa.

Shi ya sa nake ƙin wannan "sai dai" mai sassauta murya. An ce so hana ganin laifi, amma son da ya hana faɗin laifi ya cuci na baya. Ina son Ruwan Bagaja, zan kuma sake karanta shi gobe in yi dariya a wuraren da na saba. Ina jin kunyar Tafawa Ɓalewa da Bello Kagara irin kunyar da ɗa ke ji wa iyaye. Gyara kayanka kuwa bai taɓa zama sauke mu raba ba. Girmamawar da ta dace da su ita ce a karanta su da idon da ake karanta manyan marubutan duniya, a ce ga inda suka kai, ga inda suka ja da baya, ga dalili. Ɗalibin da aka koya wa haddace jigo da salo da zubi, aka hana shi tambayar ko ƙarshen ya dace da farkon, an ba shi rabin ilimi.

Maganata ta ƙarshe ga alƙalan gasa ce, domin gasa ita ce ungozomar ƙagaggen labarin Hausa. Ta 1933 ta ba mu na farko. Ta kamfanin NNPC ta ba mu So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980. Ta gwamnatin tarayya ta ba mu Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982. Tun 2016 kuma Hikayata ta BBC take fito da sababbin marubuta mata. Abin da alƙalai suka ba lada, shi marubuta za su noma a baɗi. Idan labari biyu suka zo gabanku, ɗaya ya ɗaure kowane zare da gobara da tuba, ɗaya ya bar azzalumi a shagonsa yana ƙirga riba, ya bar ku da ɗacin da ba ku san inda za ku kai shi ba, ina roƙonku kada ku hukunta na biyun don ya hana ku barci. Ku tambayi kowannensu abu guda: shin ƙarshen nan daga cikin labarin ya tsiro, ko daga waje aka dasa shi? Ranar da aka fara ba da kyauta a kan amsar wannan tambaya, yaron da ke rubutu a Haɗeja zai samu ƙarfin halin ba da labarin 1906, ko na gonar mahaifinsa da kacala ta cinye, har ya kai shi gaci.